Mai gyaran injin ciyawa daga Maradi

Mu da muka kasa kaya a titin 125 na Harlem kafin Oktoban 1994 mun san yadda wurin yake: tebura a jere tun daga gidan wasan Apollo har mahaɗar Lenox, ga huluna, ga turare, ga kaset, Hausa da Zabarmanci na tashi ta ko'ina. A watan nan ne magajin gari Giuliani ya sa 'yan sanda suka tashe mu. Wasu suka koma kasuwar titin 116 da masallacin Malcolm Shabazz ke kula da ita. Wasu kuwa, da ciniki ya ja baya, sai suka tuna ashe suna da sana'ar hannu.

Cikinsu akwai wani dattijo mutumin Maradi, wanda a gida aikinsa gyaran injin ban ruwa na masu lambu. Ya samu shiga wurin masu yanke wa gidajen bayan gari ciyawa, kuma ba a jima ba duk injin da ya ƙi tashi shi ake turo wa. Mun sha yi masa tsiya. Mu da muka tashi muna ganin an yanko ciyawa da lauje an kai kasuwa an sayar, yau ga namu a ƙasar da ake biyan kuɗi a yanke ta a zubar!

Injinan da yake taɓawa masu faɗin baki ne, inci 30 zuwa 33, wuƙa biyu a ƙasa, bel na juya su. Kafin hannunsa ya kai ƙarƙashi sai ya zare wayar fulogi, ya dubi yaron da ke riƙe masa sufana ya ce, "Ɗana, yatsa ba ya tsirowa." In zai karkata injin, ɓangaren kafireta yake bari a sama, don kada baƙin mai ya malala ya jiƙa matatar iska. Wuƙar kuma, bayan ya wasa ta da zarto, sai ya rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya. Gefen da ya rinjaya shi zai ƙara ci, har ta tsaya daidai. Wuƙar da ba ta daidaita ba ita ke sa injin rawar ɗari, ta cinye boris, mai injin na can yana zargin kamfani.

Yaran yanzu, Allah ya yi musu albarka, injin na tari sau biyu sun ɗauko waya suna duba farashin sabo. Ba na ganin laifinsu sosai. A nan ladan bakanike kan kusa kamo kuɗin injin.

Abin da ya fi kawo wa dattijon aiki shi ne ƙarewar hunturu. Fetur ɗin Amurka yawanci da kashi 10 cikin 100 na itanol a ciki, mai jawo laima. A bar shi a tanki tun Nuwamba, kafin Afrilu ya yi danƙo ya toshe ƙaramin ramin da ke shayar da injin. Malam ya san wannan ciwo tun a bakin Gulbin Maradi, inda injin ban ruwa kan kwana duk damina a ɗaki. Sai ya kwance kofin kafireta, ya zura siririyar waya, ya hura, ya mayar. Ja ɗaya, injin ya kama.

Mun riƙe labarin tebura da daloli, mun manta da irinsa, alhali da kuɗin hannu mai baƙin mai aka biya hayar ɗakuna da yawa a shekarar da kasuwa ta watse. Yanzu hukumar lambunan birnin na ƙara karkata ga na'urori masu batir, waɗanda ba su da fulogi balle kafireta. Wuƙa dai har gobe tana dakushewa, kuma cikin 'ya'yanmu da ke wucewa ta lambun Marcus Garvey kullum, kaɗan ne aka taɓa nuna wa yadda ake riƙe zarto.