Shin toshe kunne na kare ma'aikata daga kurumta?

Tun shekarar 1983 dokar Amurka ta wajabta wa masana'antu gwada jin ma'aikatansu duk shekara, da ba su abin toshe kunne kyauta, muddin ƙarar wurin aiki ta kai desibel 85 a tsawon sa'o'i takwas.

To amma ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

A shekarar 2017 masanan ƙungiyar Cochrane sun tace nazarce-nazarce 29 kan irin waɗannan shirye-shirye, inda suka tarar cewa hujjar da ke nuna suna hana kurumta a tsawon shekaru tana da rauni ƙwarai.

Abin da ya fi fitowa fili shi ne raba abin toshe kunnen kaɗai ba ya wadatarwa. Ma'aikacin da aka koya wa yadda zai cusa shi daidai kan sami ƙarin kariyar kusan desibel 9. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙarin desibel 3 kacal na ninka ƙarfin ƙara.

Gwajin shekara-shekara kuwa sai ɓarna ta auku yake nuna ta, alhali ƙwayoyin ji na cikin kunne ba sa sake tsirowa.

Rage ƙarar daga injin kansa ya fi tsada, shi ya sa masu kamfanoni kan ja ƙafa. Amma bayan da aka tsaurara dokar haƙar ma'adinai a Amurka a shekarar 2000, ƙarar da mahaƙan kwal ke sha ta ragu da kimanin desibel 4.5.