Wasiƙa ga masu gyaran kwamfuta na Nguru da Gashuwa



Ina so mu tattauna tambayar nan da kowane mai kwamfuta yake yi idan ya zo karɓar kayansa: "Malam, wane anti-bayros ka sa min?" Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a 2013, ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, ga ma'aikatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, laftof ta shiga gidaje da yawa, akasarinta ta hannu da ake sarowa daga Kano. Masu ita ba su san bambancin Avast da Kaspersky ba. Abin da kuka zaɓa musu, da shi za su zauna har injin ya gaji, don haka zaɓin amana ne a wuyanku.

Ra'ayina shi ne, ga kwamfutar gida mai Windows 10 ko 11, ku bar mata abin da ta zo da shi. Tun 2004 Microsoft take kunna katangar tsaronta, wato fayawol, a cikin Windows ba tare da an taɓa komai ba, kuma tun Windows 8 a 2012 Defender ya zama cikakken anti-bayros. Ba a biyan ko kwabo, lasisinsa ba ya ƙarewa, kuma bai cika nauyaya inji mai ram 4 ba kamar wasu manyan manhajojin da ake lafta masa.

Fayawol mai gadi ne a bakin zaure. Yana hana baƙon da ba a kira ba shiga, amma wanda maigida ya riƙo hannunsa ya shigo da shi, ba ruwansa da shi. Mutumin da yake hawa intanet da MiFi ɗinsa ko hotsfot ɗin wayarsa, da wuya wani ya ƙwanƙwasa masa ƙofa kai tsaye daga waje. Inda katangar take aiki sosai shi ne waya-fai na haɗaka, a ɗakin kwanan ɗalibai ko ofis ko kafe. Saboda haka ku sa layin a kan Public, kada ku bar shi a Private, kuma ku canza kalmar sirrin "admin" da MiFi yake zuwa da ita. Kada kuma ku kashe fayawol gaba ɗaya don firinta ta ƙi haɗuwa; ku buɗe wa firintar hanyarta kawai. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta bi ta ƙofar raba fayil, lamba 445, ta kama kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris, mutane ne ba su sabunta ba.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar, kuma ku yi haƙuri da ni. Yawancin ɓarnar da ke samun injinan mutanenmu a kan teburin mai gyara take farawa. An yi fomatin, ana so a sa Office ko CorelDraw na kirak, Defender ya kama fayil ɗin ya goge, sai a kashe shi. Wani ma ya fi haka dabara, sai ya sa dukan diraif C a jerin wuraren da ba a bincika, don kada kwastoma ya dawo gobe yana cewa Office ya kulle. Daga ranar nan injin ba shi da tsaro, ko da alamar tana nuna kore. Irin su KMSpico da ake kwasowa daga shafukan da ba a san mai su ba, an sha samun manhajar satar kalmar sirri a maƙale a jikinsu. Ɗalibin da abin da yake buƙata bai wuce buga furojet ba, LibreOffice ya ishe shi, kyauta ne kuma halal.

Anti-bayros na kirak ya fi wannan muni. Don kada kamfanin ya gano lasisin jabu ne, ana toshe masa hanyar sabuntawa. Shi kuma Defender, da ya ga wani ya karɓi aiki, sai ya koma gefe. An kori mai aiki ke nan, an ajiye wanda bai san cutar bana ba.

Na san za ku ce Smadav fa? Yana da amfani a kan cutar filash, wadda take ɓoye fayilolin mutum ta bar masa gajerun hanyoyi na bogi bayan ya kai bugu a shagon kwafi. Amma masu shi a Indonesiya da kansu suna cewa mataimaki ne, a haɗa shi da babba. Kada a sallami mutum da shi kaɗai. Filashinku na aiki ma, wanda yake shiga inji goma a rana, ku fara bincikarsa kafin na kowa.

Matsalar gaskiya a wajenmu data ce. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, da wuya ka ga wanda zai yarda Windows ta cinye masa gigabait biyu a dare ɗaya. Shi ya sa ake kashe sabuntawa ɗungurungum. Akwai hanya mafi sauƙi. Ku sauke fayil ɗin mpam-fe.exe daga shafin Microsoft sau ɗaya a mako, ku riƙa sa wa duk injin da ya zo. Yana sabunta Defender ba tare da intanet ba. Manyan sabuntawar wata-wata kuma ku mai da su sana'a, mutum ya kawo injinsa shago a yi masa da layinku a kan ɗan kuɗi kaɗan.

Windows 7 kuwa, an daina kula da ita tun 14 ga Janairu, 2020, babu anti-bayros ɗin da zai toshe ramukanta. Windows 10 ta bi sahu a 14 ga Oktoba, 2025, sai dai wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adin da aka bayar zuwa Oktoban 2026. Injin da ba zai ɗauki 11 ba, ku faɗa wa mai shi gaskiya: ko a sa masa Linux Mint, ko ya daina shiga banki da shi.

Wanda ya dage sai ya sayi anti-bayros, ku duba sakamakon gwajin AV-TEST na Jamus ko AV-Comparatives na Ostiriya, ku sayi lasisi na gaske, guda ɗaya tak, ku rubuta masa ranar ƙarewarsa. Na kyauta ma a yi hattara. A 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi suke ziyarta.

Babu manhajar da za ta ceci wanda ya karanta wa ɗan damfara lambar da banki ya turo masa, ko ya ba shi lambar sirrin katinsa a waya. Wannan da baki ake koyar da shi, kuma ba ya cin minti biyu.

Roƙona gare ku, kafin ku miƙa wa kowa injinsa, ku buɗe Windows Security a gabansa. Ku nuna masa fayawol a kunne, ku nuna masa ranar sabuntawa ta ƙarshe, ku buɗe jerin wuraren da aka cire daga bincike ya ga babu komai a ciki, sannan ku karɓi kuɗinku.

Allah Ya sa albarka a sana'a. Wassalam.