Kafin a Haƙa Rijiyar Farko

A farkon watan Satumba na 2018 ina Mpape, wata unguwa da ke kan duwatsu a gefen Abuja, wurin kawuna mai shagon kayan masarufi, ina jiran jami'a ta fitar da sunayen waɗanda ta ɗauka. Mutanen Mpape sun saba da ƙarar nakiyar masu fasa dutse, har yaro ba ya ɗaga kai daga wasansa idan ta tashi. Amma wata rana da sassafe gwangwanayen madara suka zubo daga kanta ba tare da kowa ya taɓa su ba, kwanon rufi ya yi ta rawa, na ji tabarmar da nake kai tana motsi. Kawu ya kama hannuna muka fita waje, muka tarar da mata da yara cike da layi ana ta salati. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ba nakiya ba ce. Nakiya daga gefe take zuwa, wannan kuwa daga ƙarƙashin ƙafa ta taso."

Da na dawo gida Talata Mafara na ba da labari a majalisar ƙofar gidanmu, amsa biyu na samu. Wani dattijo ya yi dariya ya ce ƙasar Hausa ba ta girgiza, wannan sai Japan da Turkiyya. Wani kuma ya ce ikon Allah ne, a bar zancen. Na yi shiru a ranar saboda ban da abin cewa, kuma yaro ba ya musu da manya. Yanzu da na yi shekara huɗu ina karatun duwatsu da ma'adinai, da ladabi nake cewa amsoshin nan biyu suna iya jawo mana asarar rayuka, musamman a wannan lokaci da ake zancen neman man fetur a Kwarin Sakkwato.

Maganar cewa ƙasarmu ba ta motsi tarihi ya riga ya ƙaryata ta. Birnin Akara na Ghana ya sha girgiza mai kisa a 1939. An ji motsin ƙasa a Ijebu-Ode a 1984, an ji a Kwoi ta Jihar Kaduna a Satumbar 2016, aka ji a Abuja a 2018, sannan ta sake dawowa Mpape a Satumbar 2024. Gaskiya ne muna nesa da wuraren da manyan faifan doron ƙasa ke karo da juna, shi ya sa namu motsin ƙanana ne kuma jefi-jefi. Sai dai tsohon dutsen da muke zaune a kai cike yake da tsage-tsage masu zurfi. Ɗaya daga cikinsu ta ratsa ta Anka ta nufi Yawuri, kuma ta irin waɗannan tsagogi ne zinarin Zamfara ya samu wurin kwanciya tun fil azal. Mai haƙar zinari a Anka ko Maru, ko ya sani ko bai sani ba, sawun tsaga yake bi.

Tsagar da ta kwana dubban shekaru ba ta motsa ba, ba mutuwa ta yi ba. Ɓangarorinta biyu suna son zamewa, nauyin dutsen da ke danne su ne ya sa suka ciji juna suka tsaya. Idan aka tura ruwa da ƙarfi cikin zurfin ƙasa ya shiga tsakaninsu, sai ya ɗan ɗage nauyin, cizon ya saki, dutse ya zame. Duk wanda ya ga babbar mota cike da buhunan shinkafa ta sulale a kan laka da damina, bayan ta bi hanyar nan lafiya duk rani, ya fahimci abin. Ƙarfin girgizar yana tare a cikin dutse tun tuni kamar albarushi a cikin bindiga, ruwan kuwa yatsa ne kawai a kan kunama. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Namu bangon a tsage yake, saura mu lura da abin da za a tura cikinsa.

Wannan ba hasashe ba ne. A 1962 sojojin Amurka suka fara ɗura gurɓataccen ruwan wata masana'antar makamai cikin rijiya mai zurfin fiye da kilomita uku da rabi kusa da birnin Denba. Cikin 'yan makonni garin da ya daɗe bai ji motsi ba ya fara rawa. Wani masanin duwatsu, David Evans, ya jera adadin ruwan da ake ɗurawa kowane wata kusa da adadin girgizar da ake ji, sai ga su suna hawa tare suna sauka tare. An dakatar da ɗurar a 1966, amma girgizar da ta fi ƙarfi sai a 1967 ta zo, domin ruwan da ya riga ya shiga ba ya jin umarnin hukuma, yana ci gaba da tafiyarsa.

Jihar Okalahoma ta maimaita darasin da babbar murya. Rijiyar mai ba mai kaɗai take fitarwa ba, tana fitar da ruwan gishiri mai guba wanda sau da yawa ya ninka man yawa, kuma hanya mafi arha ta rabuwa da shi ita ce a mayar da shi ƙasa ta wata rijiyar. A can sun riƙa ɗura shi cikin shimfiɗar dutsen da ke kwance kai tsaye a kan tsohon dutsen tushe. Kafin 2009 jihar kan ji girgiza mai ƙarfin maki 3 sau ɗaya ko biyu a shekara. A 2015 ta ji kusan 900. A Satumbar 2016 mai ƙarfin maki 5.8 ta auka wa garin Pawnee. Da hukuma ta tilasta wa kamfanoni rage ɗurar, adadin ya riƙa sauka shekara bayan shekara. A Koriya ta Kudu kuwa, ranar 15 ga Nuwamba 2017, girgiza mai ƙarfin maki 5.4 ta tsattsage gidaje a birnin Pohang, ta raba mutane fiye da dubu da muhallinsu, har aka ɗage jarrabawar shiga jami'a ta ƙasa baki ɗaya da mako guda. A Maris na 2019 kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya yanke cewa ruwan da wata tashar samar da lantarki daga zafin ƙarƙashin ƙasa ta tura ne ya tayar da ita.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Mafara da Okalahoma? Ruwanta shi ne Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin ɗari na wani ɓangare na ribar kamfanin mai na ƙasa domin neman mai a sababbin yankuna, kuma Kwarin Sakkwato na cikin jerin. A Nuwambar 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin Kolmani a iyakar Bauci da Gwambe. Maƙwabciyarmu Nijar tana haƙar mai a Agadem, tana tacewa kusa da Damagaram tun 2011. Talata Mafara da Bakura kuwa suna zaune ne a bakin wannan kwari, daidai inda duwatsun yashi suka fara kwantawa a kan tsohon dutse. Mai yiwuwa ba a ƙofar gidanmu za a kafa injin farko ba, tunda masu neman mai sun fi son inda shimfiɗar ta yi kauri. Amma matsin ruwa a ƙarƙashin ƙasa yakan yi tafiyar kilomita goma ko fiye, bai san iyakar ƙaramar hukuma ba.

Akwai kuma abin da ya sa maganar ta fi damunmu fiye da kowa. Sama da mu, a kan Gulbin Sakkwato kusa da Maradun, madatsar Bakolori take, wadda aka gama a 1978, mai iya riƙe ruwa mita miliyan 450 a ma'aunin cika. Ban ce Bakolori ta taɓa girgiza ƙasa ba. Madatsun da aka kama da wannan laifi, irin su Kariba a kan Kogin Zambezi a 1963 da Koyna ta Indiya wadda girgizarta ta kashe kusan mutum 200 a 1967, sun ninka tamu tsayi fiye da sau biyu. Abin da nake cewa shi ne ginin da ya haura shekara arba'in, wanda ke tare da wannan uban ruwa a saman gonaki da garuruwa, ba wurin da za a yi wasa da ƙasar da ke kewaye da shi ba ne. Girgizar da za ta wuce gidan bene na Abuja da 'yar tsaga a bango, ita ce za ta kwantar da ɗakin laka a kan masu barci.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini shi a fuska: ku 'yan boko ba ku son Arewa ta samu mai. Ina so. Na ga abokan karatuna da digiri suna tuƙa babur ɗin haya, ni ma ba wani aikin kirki nake da shi ba. Na kuma yarda cewa mafi yawan rijiyoyin ɗura a duniya ba su taɓa haddasa motsin da mutum zai ji ba. Amma waɗanda suka haddasa, ba wanda ya nuna su da yatsa tun farko, domin tsagar da ta motsa sau da yawa ba ta cikin taswirar kowa. Kuma mu mutanen wannan yanki mun san yadda alkawarin ci gaba yake ƙarewa idan ba a tambaye mu ba. Da aka zo aikin Bakolori an raba dubban mutane da gonakinsu, masu noman fadama a ƙasan madatsa suka rasa ambaliyar da ke ciyar da su, manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya, a ƙarshen Afrilun 1980 aka amsa musu da harsashi. Alƙaluman gwamnati sun tsaya a 'yan ashirin, na mutanen gari da masu bincike suka kai ɗaruruwa. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya kan ce, "Ba ruwan muka ƙi ba, jikana. Mun wayi gari ne muka ga an gama shawara." A 2010 kuma gubar dalma daga dutsen zinari ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda an shigo da abin da ke ƙarƙashin ƙasa har tsakar gida ba tare da kowa ya auna shi ba. Wanda maciji ya sara sau biyu, bai kamata a kira shi matsoraci ba don ya tsaya duba igiya.

Ga masu cewa ikon Allah ne, na yarda ɗari bisa ɗari, babu ganyen da ke faɗuwa sai da saninsa. Gobara ma ikon Allah ce, amma wanda ya jefa guntun taba a rumbun maƙwabcinsa ana kai shi gaban alƙali. Tsorona shi ne wannan kalma mai tsarki ta zama mafakar kamfani. Ranar da bango ya faɗa wa iyalin wani a Bakura, lauyan kamfani ne zai fara cewa ƙaddara ce, kuma idan ba mu da awon yadda ƙasa take kafin zuwansu, ba mu da hujjar da za mu ƙaryata shi. Mutanen Pohang sun gane wanda ya jawo musu bala'i ne saboda akwai na'urori a wurin, akwai kuma lissafin kowace ɗurar ruwa. A Abuja kuwa, bayan motsin 2018, kwamitin gwamnati ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan yawan rijiyoyin burtsatse, aka dakatar da fasa dutse da haƙar burtsatse a Mpape da kewaye, wasu masana suka ce tsagar ce ta motsa don kanta, aka yi ta musu har aka gaji. Irin wannan musun ake yi duk inda awo ya zo bayan ɓarna.

Saboda haka buƙatata ba ta da tsada, kuɗinta bai kai na rijiyar mai guda ba. Cibiyar da ke Toro a Jihar Bauci, wadda ke sa ido kan motsin ƙasa, da Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai, su kewaye Bakolori da tsagar Anka da gefen Kwarin Sakkwato da isassun na'urorin awo, su yi shekaru suna sauraro kafin a huda ko'ina. Rahoton tasirin aiki ga muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta, ya ƙunshi babi a kan haɗarin girgiza, a fassara shi da Hausa, a karanta shi a fadar Sarkin Mafara da ta Bakura da ta Maradun, da rediyo, yadda manomi zai ji ya yi tambaya. A rubuta cikin lasisin kowane kamfani iyakar motsin da in an kai ta dole a kashe famfo. Ingila ta sa tata iyakar a maki 0.5, kuma da girgiza mai maki 2.9 ta auku a Lankasha a 2019, gwamnati ta dakatar da aikin fasa dutse da ruwa gaba ɗaya. A kuma tilasta wa kamfani ajiye kuɗin diyya a hannun hukuma tun kafin ya sauke injinsa daga mota.

'Yan majalisarmu na tarayya da na jiha za su iya gabatar da wannan a zama guda. Sarakunanmu za su iya ƙin sa hannu a takardar ba da fili sai an nuna musu awon. Mu da muka yi karatun kuwa, bashin da ke kanmu shi ne mu koma majalisun ƙofar gida mu yi bayani da harshen da iyayenmu ke ji, ko da za a yi mana dariya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Har yanzu ba a haƙa rijiyar farko a ƙasarmu ba, kuma wannan ne kaɗai lokacin da sharaɗin talaka yake da daraja a teburin shawara.