“Yi haƙuri” ba magani ba ne

A kasuwar Dole ta Damagaram, ko a birorin gwamnati na Yamai, idan mutum ya ce ya gaji da duniya, amsa guda ce ake ba shi: “Yi haƙuri, Alhaji, kowa da tasa.” Sai a ci gaba da shan shayi. In an wayi gari ya halaka kansa, waɗanda suka ji maganar da kunnuwansu su ne za su fara rantsuwa cewa ba su ga wata alama ba. Sun gani sarai, kunya da tsoro ne suka ɗaure musu baki.

Masu cewa wanga bala'i na Turawa ne su dubi lissafin hukumar lafiya ta duniya OMS. A 2021 fiye da mutum dubu 720 ne suka kashe kansu a duniya, kashi 73 cikin 100 kuwa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. A ƙididdigar 2019, yankin Afirka ne ke kan gaba, da mutum 11 cikin kowane dubu 100, alhali na duniya baki ɗaya 9 ne.

Abin da ke tura mutum can ba baƙo ba ne a ƙasar nan. An karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ma'aikata suka yi watanni ba albashi. An rufe iyakar Najeriya a 2019, aka sake rufe ta a 2023, ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙwanni suka ga jarinsu ya narke. Bashi, karayar arziki, mutuwar aure, auren dole, doguwar jinya, ƙwaya, da ciwon baƙin ciki wanda likitoci suka san maganinsa, duk suna taruwa a kan mutum guda, shi kuwa yana ɓoyewa don kada a ce ya kasa riƙe gidansa.

Alamun ba su da wuyar ganewa. Mutum ya riƙa cewa ya zame wa iyalinsa kaya, ko gara ba ya nan. Ya daina zuwa fada da masallaci, barci ya ƙaurace masa. Ya shiga rabon kayansa, yana damƙa makullin shago, yana neman gafara kamar mai doguwar tafiya. Mafi haɗari shi ne wanda ya daɗe cikin ƙunci sai kwatsam ya yi sakayau, domin wata sa'a yanke shawara ce ta kwantar masa da hankali. Wanda kuma ya taɓa gwadawa ya fi kowa kusa da sakewa.

Akwai ƙarya biyu da ya kamata a binne. Ta farko, wai mai faɗa ba ya aikatawa. Da yawa daga cikin waɗanda suka aikata sai da suka faɗa. Ta biyu, wai tambaya na cusa wa mutum tunanin. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A keɓe da shi, a tambaye shi a fili: “Yaya, kana tunanin kashe kanka ne?”

In ya amsa da e, ba lokacin wa'azin wuta ba ne. Ya san haramun ne tun yana makarantar allo, kuma addinin da ya hana kashe kai shi ne ya wajabta ceton rai. A saurare shi ba gardama, ba gori. Kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa alkawarin rufe maganar. A kawar da duk abin da zai cutar da kansa da shi, domin tsananin kan sauka cikin sa'o'i ko kwanaki, kuma yawancin waɗanda aka ceta ba ta wannan hanya suke mutuwa ba daga baya. A raka shi gidan likita a ranar, ba sai gobe ba; babbar asibitin Yamai na da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. A yi rubutu da addu'a, amma kada su hana zuwa asibiti. In ya riga ya sha wani abu, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko mai. A kira 18 ko a ɗauke shi nan take, tare da kwalbar.

Hukuma da ƴan kasuwa ma suna da nasu alhaki. Kusan kashi 1 cikin 5 na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari ne. Siri Lanka ta hana mafi dafinsu daga 1995, cikin shekara 20 kashe kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100, noma kuwa bai faɗi ba. To, me ya sa za a bar guba a kan tebur kusa da sukari da sabulu, kowane yaro ya saya da canjinsa? Ma'aikatun noma da na lafiya da duwan su amsa. Mai shagon da ya ga matashi idonsa jawur yana neman kwalba ba lokacin feshi ba, ya hana shi, ya zaunar da shi, ya aika a kira ɗan'uwansa.