Ra'ayinmu: Satar amsa ba ranar brebe take farawa ba

Duk shekara idan jarrabawar brebe da ta bak suka ƙarato, magabata kan tashi tsaye. A rufe takardun tambayoyi cikin ambulan mai hatimi, a girke jami'an tsaro ƙofar cibiyoyin jarrabawa, a hana kowa shiga da waya. A shekarun baya har hukumar HALCIA mai yaƙi da cin hanci takan tura wakilanta su zagaya. Wannan duka daidai ne. Sai dai yaron da aka kama da ƴar takarda cikin safa ranar jarrabawar ƙasa ya daɗe da ƙwarewa. Tun yana ajin farko na kwaleji ya koyi sana'ar, a ƙananan gwaje-gwajen cikin aji da ba wanda ke ɗaukarsu da muhimmanci.

Alhali waɗannan gwaje-gwajen su ne ke yanke makomar ɗalibi. Da su ake haɗa makinsa a kan 20, kuma da wannan makin malamai ke zama ƙarshen shekara su ce wane ya wuce, wane ya maimaita aji, wane an kore shi. Ke nan yaro na iya cinye shekaru 4 na kwaleji yana samun 10 ko 11 da amsar maƙwabcinsa, ya isa ajin brebe bai iya warware lissafin aji na farko ba. A nan hanya biyu ta rage masa: ya faɗi, ko ya nemi sata mafi girma. Uban da ya sayar da hatsi ko akuya don ya zaunar da ɗansa a Maradi ko Damagaram ya yi karatu, sai ranar da sakamako ya fito zai gane cewa takardar makin da ake kawo masa shekara da shekaru ƙarya ce. Lokacin kuwa an makara.

Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A ajin da yara uku ko huɗu ke matse a kan tebur guda, ko suke zaune a ƙasa cikin rumfar zana, ido ba ya buƙatar wahala kafin ya faɗa kan takardar wani. Malami ya ba aji ɗaya tambayoyi da ƙarfe 8, ya kai su wani aji da ƙarfe 10 ba tare da ya canza ko kalma ba, kafin ya isa hotonsu ya riga shi ta WhatsApp. Tambayoyin kansu sau da yawa hadda kawai suke nema, a zubo darasi yadda aka rubuta shi a allo, abin da ƴar takarda guda ta ishe shi. Ga kuma abin da ya fi muni, wanda kowa ke faɗa a fada amma ba a faɗa a taron makaranta: malamin da ke tsegunta tambayoyi ga yaran da ke biyansa kuɗin darasin gida, da mai makarantar kuɗi da ke matsa wa malamai su ƙara maki don kada uwaye su kwashe ƴaƴansu. Mu uwaye ma da namu laifin. Na nawa ka zo, shi ne tambayarmu. Da wuya mu ce wa yaro ya buɗe littafi ya karanta mana shafi ɗaya.

Wasu ƙasashe sun zaɓi magani mai tsada. Aljeriya ta kai ga katse intanet a lokutan jarrabawar bak, kowa ya sha wahalar laifin ƴan kaɗan. A cikin aji ba a buƙatar haka. Mafi yawan abin da zai rage satar amsa yana hannun malami da darakta, kuma bai wuce alli da niyya ba.

Malami ya raba allo biyu, ya rubuta tambayoyi iri biyu masu nauyi ɗaya, yadda maƙwabta ba za su yi aiki guda ba. Inda aji ya cika maƙil, a raba shi, rabi su rubuta yanzu, rabi daga baya da wasu tambayoyin. A tara wayoyi da jakunkuna a gaban allo kafin a fara, shi ma malamin ya ajiye tasa wayar ya zagaya. A riƙa tambayar da ke sa yaro ya yi bayani da kalmominsa, ya nuna yadda ya bi ya kai ga amsar lissafi. Bayan gyara, a kira biyu ko uku su maimaita aikinsu a allo. Wanda ya san ana iya kiransa gobe zai yi tunani kafin ya kwafa yau. A kuma mayar wa yara takardunsu da wuri, a yi gyara tare. Gwajin da aka yi a Nuwamba aka ga sakamakonsa a Fabrairu bai koya wa kowa komai ba, sai dai ya nuna wa yaro cewa maki ne kaɗai abin nema.

Hukunci ma ya zama sananne tun komawa makaranta a Oktoba, a karanta shi gaban ɗalibai da kwamitin uwaye, ya hau kan ɗan mai kuɗi yadda yake hawa kan ɗan talaka. Karon farko sifili da kiran uba ko uwa, sannan a zauna da yaron a gano darasin da ya shige masa duhu, domin yawanci tsoron faɗuwa ne ke kai shi sata. Duka da tozartawa gaban jama'a ba sa koyar da gaskiya, ɓoyo kawai suke ƙara koyarwa.

Gwamnati kuwa nata rabon ya fi na kowa nauyi: azuzuwa, tebura, da biyan malaman kwantaragi haƙƙinsu a kan lokaci, domin wanda ke bin bashin wata da watanni ya fi sauƙin ruɗuwa. Masu binciken makarantu su riƙa duba takardun gwaji, su kwatanta makin aji da sakamakon brebe. Makarantar da kusan kowa ke wucewa cikin shekara amma kaɗan ke cin jarrabawar ƙasa, tana da bayanin da za ta yi. Ƙungiyoyin malamai da ƙungiyar ɗalibai ta USN, waɗanda ba sa jinkirin fitowa kan haƙƙoƙinsu, ya kamata a ji muryarsu a nan ma.

An maido da jarrabawar satifika a 2024 da nufin ɗaga darajar karatu. Amma jarrabawar ƙarshe awo kawai take yi, ba ta ƙara wa buhu ko tiya guda. Yaron da ke leƙen takardar wani yau, shi ne gobe zai yi mana allura a asibiti, ya auna mana gini, ya tsaya gaban ƴaƴanmu da alli. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.