Lidice: Ƙauyen da Aka Yi Niyyar Shafe Sunansa

Wanda ya bar birnin Prag, hedikwatar Jamhuriyar Cek, ya nufi arewa maso yamma, bayan tafiyar kimanin kilomita 20 zai iske wani kwari shimfiɗe da ciyawa, ɗan rafi na ratsa shi, babu gida ko ɗaya a cikinsa. A kan tudun da ke gefe akwai ƙauye mai tsararrun tituna. Kwarin nan shi ne tsohon mazaunin Lidice, wanda masu wurin ke furtawa Liditse, ƙauyen kan tudun kuwa magajinsa ne. Tazarar da ke tsakaninsu 'yan ɗaruruwan mitoci ce, amma ita ce ta ɗauke mana hankali a filinmu na wannan mako.

An fara ambaton Lidice a rubuce a shekarar 1318. Ya shafe ƙarnoni yana ƙauyen manoma a yankin Bohemiya, da cocinsa mai sunan Waliyyi Martin da makarantarsa da maƙabartarsa. Da garin Kladno, maƙwabcinsa, ya bunƙasa da haƙar kwal da narkar da ƙarfe a ƙarni na 19, sai yawancin mazan ƙauyen suka koma neman abinci a can, gonakin kuma suna nan a hannun iyalansu. Zuwa 1942 gidaje 102 ne a ƙauyen, mutanensa 503.

Jamus ta mamaye ƙasar Cek a watan Maris 1939. A 1941 Hitila ya tura Reinhard Heydrich, ɗaya daga cikin ƙusoshin 'yan Nazi, ya riƙe masa ita. Ranar 27 ga Mayu 1942 sojoji biyu da aka horar a Birtaniya, Jozef Gabčík da Jan Kubiš, suka yi wa motarsa kwanton ɓauna a Prag, ya mutu ranar 4 ga Yuni saboda raunukan da ya samu. Masu bincike suka bi wata wasiƙa da suka yi wa mummunar fassara har ta kai su Lidice, inda suka tarar 'ya'yan ƙauyen biyu suna aiki da rundunar sojin saman Birtaniya. Binciken bai gano wata alaƙa tsakanin ƙauyen da harin ba. Duk da haka aka yanke hukunci, domin abin da ake nema shi ne wanda za a yi misali da shi. Laifin tudu ne, aka taka, aka ce ya yi tsawo.

Daren 9 ga Yuni aka kewaye ƙauyen. Washegari aka harbe maza 173 a lambun gonar iyalin Horák, daga baya aka bi waɗanda ba su gida a ranar. Aka kwashe mata zuwa sansanin Ravensbrück a Jamus. Yara kuwa aka raba su da iyayensu mata a Kladno; 'yan kaɗan da aka ga kamanninsu sun dace aka ba iyalan Jamusawa riƙo, 82 kuma aka kashe su da hayaƙi mai guba a Chełmno, cikin ƙasar Folan. Jimillar mutanen Lidice da suka rasa rayukansu 340 ne: maza 192, mata 60, yara 88.

Abin da ya biyo baya ya shafi ƙasar kanta. An ƙone gidaje, an tarwatsa ganuwarsu da nakiya, har cocin. An tone maƙabarta, an sare itatuwa, an karkatar da rafin da hanyoyin shiga, aka baje wurin yadda ko wanda aka haifa a can ba zai gane ƙofar gidansu ba. Masu wannan aiki sun fahimci cewa tarihin ƙauye a jikin ƙasarsa yake rataye: a kushewar kaka, a kan iyakar gona, a mashayar rafi. Kuma ba su ɓoye ba. Sun yi shela a rediyo cewa an shafe sunan ƙauyen, har fim suka ɗauka. Bayan mako biyu suka maimaita a wani ɗan ƙauye mai suna Ležáky.

Shelar nan ce ta juya musu. Cikin watan Yuli 1942 wata unguwa a jihar Illinois ta Amurka ta ɗauki sunan Lidice. Haka aka yi a Meziko da Barazil. A Stoke-on-Trent ta Ingila wani likita, Barnett Stross, ya jagoranci masu haƙar kwal suka tara kuɗi don sake gina ƙauyen takwarorinsu da ba su taɓa gani ba. Bayan yaƙi mata 143 da yara 17 suka dawo. A 1947 aka aza harsashin sabon ƙauye a kan tudun, aka bar kwarin yadda yake, ya zama shaida. A 1955 aka buɗe lambun furanni tsakanin wuraren biyu. Mai sassaƙa Marie Uchytilová ta ƙarar da kusan shekara 20 tana siffanta yaran nan 82. Ta rasu a 1989, aka kammala zuba su da tagulla a 2000.

Darasin farko a bayyane yake. Hukuncin gayya, inda ake kama gari da laifin mutum, bai kamo kowa ba a nan: maharan Heydrich cin amanar wani abokin aikinsu ne ya tona maɓoyarsu a wani coci a Prag, kwana takwas bayan ƙone Lidice. Kuma cutar tana yaɗuwa, domin bayan yaƙin an kori Jamusawa kusan miliyan 3 daga ƙasar, mai laifi da marar laifi a ma'auni ɗaya.

Darasi na biyu ya fi kusa da mu. A 1906 sojojin mulkin mallaka na Birtaniya suka rushe Satiru, kusa da Sakkwato, bayan tawayen mutanensa, aka kuma hana sake zama a wurin. Dalilan sun bambanta da na Lidice, amma niyyar shafe gari ɗaya ce. Mu nawa ne za mu iya nuna kufan Satiru, balle mu kawo sunayen mutum goma da suka kwanta a can? Lidice ya tsira daga mantuwa ne saboda an zauna an ƙirga: kowane mamaci da sunansa da shekarunsa, kowane gida da wurin da ya tsaya.

Wannan aiki ne na masana tarihi da hukumomin adana kayan tarihi da dattawan gari, kuma lokaci ba ya jira. Duk ƙauyen da aka tayar, jiya ko yau, a rubuta sunayen mutanensa da iyakokin gonakinsa tun masu shaida suna raye.