Zancen Ɗaki: Kafin mu rataya fitilar ado

Rabon asusu ya matso, kuma da yawa cikinmu na da ɗiyar da za a kai ɗaki. Bana fitilar nan mai rataye a sama, wadda ƴan kasuwa ke ce wa lustir, ita ake yayi. Ba mu ce kar a saya ba, amma a zauna a yi lissafi tukuna.

Na farko, kuɗin. Bashin asusu na sana'a ne, shi ke biyan kansa. Fitila kuwa ko dala ba ta kawowa, ga zubi na jiranmu kowane mako. In za a saya, a jira rabo. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Na biyu, a auna ɗaki kafin a tafi kasuwa. Daga ƙasa zuwa gindin fitilar a bar fiye da mita 2, kar maigida ya riƙa karo da ita. In rufin gajere ne, a ɗauki mai manne da sama. Kar kuma a sa ta dab da fanka: iska za ta yi ta kaɗa ta, hasken ya riƙa rawa a ido.

Na uku, nauyi. Siririn katakon rufi ba ya riƙe fitila mai nauyi. A ɗaure ta ga azara ko ƙarfen rufi, mai gyaran wuta ya yi aikin, bayan an yanke wuta daga mita. Yaranmu a ƙarƙashinta suke wasa.

Na huɗu, ƙwai. Tsofaffin ƙwai 6 masu wat 60 suna cin wat 360, ga zafi a bazara. Na LED masu wat 9 haskensu kusan ɗaya ne, su 6 wat 54 kawai. Takardar NIGELEC za ta nuna bambancin. A duba mazaunin ƙwan, na murɗawa ne ko na maƙalawa, a tabbatar akwai irinsa a kasuwarmu.

Sai ƙurar hunturu. Mai duwatsun gilas da yawa, wa zai hau ya goge? Amarya ko uwarta?

In kuma unguwar ana yawan ɗauke wuta, fitilar sola ta fi yi wa ɗiyarmu amfani daren da lustir ke rataye a duhu.

Allah ya sa albarka a zubinmu. Sai fitowa ta gaba.